Mai Injin Niƙa da Motata

Ni ban yi boko mai nisa ba. A aji huɗu na firamare na tsaya, sauran karatun a bakin sitiyari na yi shi. Shi ya sa da 'yata ta shigo gida da zancen wasan kwaikwayo ban ɗauka abin zai taɓa ni ba.

Ita ce 'yar farina. A gidanmu, kamar sauran gidajen da suka taso daga ruga, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zaman hira da shi. In ina da magana da ita sai in faɗa wa mahaifiyata, Dada, ko da yarinyar tana zaune taku uku daga inda nake. Ita ma ta nan take maido amsa. Shekara ashirin muna haka.

Shekarun tashin bama-bamai ne. Kafin nan na sayar da shanun da na gada na sayi babbar mota, ina ɗaukar wake da masara daga Gombe zuwa Maiduguri. Hanya ta ɓaci. Cikin waɗanda muke lodi tare, wasu ba su dawo ba. Na ajiye motar a ƙofar gidanmu a Hammadu Kafi, na ce sai abin ya lafa. Kullum da safe in tayar da ita kada batir ya mutu, in wanke ta, in nemi inuwa in zauna. Gidan kuwa da keken ɗinkin matata yake ci. An yi mini tayin tuƙa wani tsohon ma'aikacin gwamnati a GRA, na ce mai mota ba ya zama direban wani.

A kwalejinsu aka ba su wani tsohon wasa na Turawa. An so a yi shi a dandali, makaranta ta hana taro, sai aka ce kowa ya rubuta ra'ayinsa. Wata rana bayan la'asar ta zauna tana ba Dada labarin, ina gefe ina fama da wayar rediyo. Wai wani mutum ne ya sayar da gonar ubansa ya gina injin niƙa mai aiki da ruwan kogi. Kogin ya sauya hanya. Shi kuwa kullum sai ya buɗe ƙofa, ya share, ya zauna jiran masu niƙa, har ya mutu a wurin. Abin da malaminsu yake tambaya shi ne, faɗuwar mutumin nan ta isa a yi mata kuka irin na manyan mutane, ko kuwa wawa ne kawai da bai ci nasara ba?

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na ɗauka da gangan ta jira sai ina zaune.

Na ce, "Dada, ki gaya mata wannan ba sai an ɓata biro ba. Sakarai ne. Wanda kogi ya tafi ya bar shi yana shara, bulala ta dace da shi, ba kuka ba."

So nake ta musa mini. Wallahi so nake.

Dada tana tsinke zogale, ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Ji shi. Ni ai na haifi irinsa, ba sai Bature ya rubuta mini ba. Gona ma da sauƙi, tana nan inda aka bar ta. Saniya fa? Tun kakanka ake riƙe da jinin shanun nan, ka mayar da su taya goma."

Yarinyar ta sunkuyar da kai, ba ta ce uffan ba. Zagin Dada na saba da shi, abincina ne. Shirun yarinyar ne ya dame ni har sati biyu. Mutum yana iya jure a ce ya yi asara. Amma a ce 'yarsa tana kallonsa a matsayin sakarai, wannan ban san inda ake ajiye shi ba.

Ranar da aka maido musu takardu, ta dawo a gajiye, an sauke su a shingen sojoji sun taka da ƙafa. Ta zauna kusa da Dada ta ce maki kaɗan aka ba ta. Malamin ya ce irin wannan kuka na sarakuna ne da jarumai, mai niƙa ba shi da tudun da zai faɗo daga kai.

Dada ta ce, "Ke kuma me kika rubuta, uwar iyayi?"

"Na ce ba wawa ba ne, Dada. Ranar da ya sayar da gonar kowa a garin ya yaba da dabararsa. Ba shi ya kawar da kogin ba. Kuma ya san babu mai zuwa. Yana buɗe ƙofar ne don 'ya'yansa su tashi su ga ubansu ya fita aiki. Sarki sau ɗaya ake kashe shi. Wannan kullum da safe yake ɗaukar tsintsiya."

"To ba shi da laifi ke nan?"

"Yana da shi. Ya ɗauka 'ya'yan ba su gane ba. Da ya tambaya, da sun ce ya rufe wurin ya nemi wani abin, ko dako ne. Ba su raina shi ba."

Dada ta juyo ta dube ni. "In maimaita maka ne, ko kunnenka yana aiki?"

Na ce na ji. Na ƙara da cewa ta gaya wa yarinyar malamin nan bai taɓa faɗuwa ba, shi ya sa yake auna tudu.

Ban sayar da motar nan da nan ba, taurin kai ba ya fita rana ɗaya. Amma a satin na je GRA na ce in ba a ɗauki wani ba, ga ni. Ranar da zan fara, na fito na tarar da takalmana a bakin ƙofa an goge su, har an ɗinke inda ya ɓalle. Ban tambayi wanda ya yi ba. Na sa, na fita.