Sisin Gwal Mai Fuska Ɗaya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga Mayu, 2025, ina tsakiyar duba jarrabawar ɗalibai, Radiyya ta kira ni daga Haɗeja ta ce mahaifinta, Kawu Shu'ibu maƙerin gwal, ya rasu. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya.

Kawu, shekara uku ke nan da na kai maka 'yan kunne da warwaron marigayiya mahaifiyata, ƙanwarka, na ce ka narka su ka buga min sisin gwal guda, na ajiya ba na sayarwa ba. A fuska ɗaya ka zana kogi, da zangarniyar shinkafa, da zalɓe tsaye a ƙafa ɗaya irin na fadamar Baturiya. Sai kuma kacalla, ciyawar nan da ta toshe mana kogi. Ni mai digiri biyu na yi maka bayanin cewa ba a ɗora abokin gaba a kan zinariya. Ka ce, "'Yar nan, in na cire ta ai kogin wani garin na zana."

Akwai wani siririn layi da ya ratsa zanen. Na ɗauka hannunka ne ya fara rawa, na yi shiru, ina ganin na yi maka kara. Sai a zaman makoki Hajja, matarka, ta gaya min iyakar da ambaliya ta kai ne a bangon shagonka, shekarar da ka saukar da wasu iyalai daga Miga a gidanka har ruwa ya janye. Ba ka taɓa faɗa min ba. Ni ma ban tambaya ba.

Ɗaya fuskar ka bar ta sumul. Ka ce, "Ke za ki faɗi abin da za a tuna uwarki da shi." Na ce sai na yi nazari. Ina nazarin aka yi maka sutura.

Yanzu sisin yana jakata, ina juya shi a ofis, ina juya shi a mota. Radiyya ta ce akwai maƙeri a Kano da zai ƙarasa. Na je har ƙofar shagonsa, na tsaya, na juyo. Hannunka ne ya fara, ba zan ba wani ba. Haka fuskar za ta zauna babu komai, kuma na san ni ce na bar ta haka.

Allah ya jiƙan ka, ya haskaka makwancinka, ya haɗa ka da ƙanwarka a Aljanna. Hajja, Radiyya da sauran dangi, Allah ya ba mu haƙuri.