Keken Tsaye da Zaren Inna

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa waɗanda yanzu sai an tuna mini su, amma damunar da na yi ina gudu a cikin zauren gidanmu ba tare da na matsa ko'ina ba, ita kam tana nan a raina har gobe.

Ni dillalin hatsi ne, ina kuma taɓa taki idan damuna ta kawo kai. Da ɗaukar buhu a ka na fara a kasuwannin ƙauyukan Gezawa, har Allah ya sa na zama mai sa a ɗauka. Da hali ya samu sai teɓa ta biyo baya, ciwon sukari kuma ya biyo teɓa. Ranar da likita ya faɗa mini, mahaifina na tuna. Shi ma ciwon ne ya kama shi, ɗan miki a yatsa ya ƙi warkewa, aka yanke ƙafar, bai kuma daɗe ba bayan nan. Don haka ban tsaya jayayya ba. Na rage tuwo, na bar lemon kwalba, na fara fita gudu bayan sallar asuba ta hanyar amalanke da ta ratsa gonaki. Da farko manoma sukan leƙa bayana su ga abin da ya biyo ni. Daga baya suka saba. Na yi shekaru a haka, sukarin ya kwanta.

Wata ranar kasuwa a farkon damuna ana sauke taki, na hau mota in duba lodi, na diro kamar wani saurayi. Ƙafar dama ta gurɗe. Kafin la'asar idon sawun ya kumbura suntum. A asibiti a birni hoto ya nuna ƙashi lafiya lau, jijiya ce ta ji rauni. Bayan na yi makonni da bandeji, likitar gashin ƙashi ta ce in manta da gudu na wasu watanni.

Na ce mata, "Likita, ni fa in na zauna sukari tashi yake yi."

Ta ce, "Ban ce ka zauna ba, Alhaji. Cewa na yi kada ƙafar ta riƙa dukan ƙasa."

Sai ta nuna mini wata na'ura a ɗakin. Tana da matakai biyu masu faɗi da hannaye dogaye guda biyu. Mutum yana tsaye a kai, ƙafafunsa suna zagayawa kamar mai gudu, numfashi yana hawa, zufa tana zuba, amma tafin ƙafa ba ya barin matakin, balle ya bugi ƙasa. Ta ce in fara da kaɗan, kada in ƙara mata nauyi sai ta ce. Kashegari na shiga wajen masu sayar da kayan da aka yi amfani da su, na girgiza guda uku, na saurari kukan kowacce, na ɗauki wadda ba ta cin wuta. A a-kori-kura aka kawo ta. Ɗakunanmu ba su da tsayin rufi, sai aka girke ta a zaure. Kafin magariba yaran unguwa sun raɗa mata suna keken tsaye.

Ban yi lissafi da abu biyu ba: masu dubiya, da Inna.

A wajenmu mara lafiya kwance ake samun sa, ko jingine da bango, a yi masa sannu ya amsa a hankali. Ni kuwa sai mutum ya yi sallama da kwanon fura a hannu, ya tarar da ni a sama ina haki. Wani abokina da muka taso tare, mai sayar da shanu, shi ya fi kowa jin daɗin abin. Sai ya shimfiɗa buzunsa a gefe ya ce, "Alhaji, yau ina aka nufa? In ka isa Minjibir ka gaishe mini da su." Furar da ya kawo mini kuma shi yake shanye ta, wai kada sukarina ya tashi.

Inna ita ba ta ga abin dariya ba. Mahaifiyata ce, a gidana take tun rasuwar Baba. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunana. Kwana kaɗan da fara hawa, na dawo daga masallaci da asuba na tarar an lulluɓe keken da tabarma, ita kuma tana zaune a gabansa a kan kujera 'yar tsugunne.

Ta ce, "Kai, wannan abin a mayar da shi inda aka samo shi."

Na tsuguna na gaishe ta, na ce likita ce ta ce in hau.

"Likitar ce ta yi jinyar ubanka ko ni? Ƙafa mai ciwo hutu take so. Na ga an yanke ƙafa ɗaya a zuri'ar nan, ba zan ga ta biyu ba."

Sai a lokacin na gane abin da nake gudu shi take gudu. Ita tana ganin motsi ne zai ci ƙafar, ni ina ganin zama ne zai ci ta. Da na so, da na sa an kai keken shagona na riƙa hawa a ɓoye. Amma kasuwa ta koya mini cewa cinikin da aka yi a bayan idon mai haƙƙi ba ya ƙarko. Na ce, "Inna, mu yi sharaɗi. Ki tsaya ki ga yadda ƙafar take yi a kai. Kullum in na sauko ki duba ta da kanki. Ranar da kika ga ta kumbura, na bar hawa sai kin ce."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta janye tabarmar. Na hau a hankali. Ta sunkuya tana bin ƙafar da ido, har ta kai hannu ta taɓa dunduniyata tana zagayawa. Da na sauko ta kwance bakin zaninta ta ciro zare, irin na ɗinkin hula, ta zagaya idon sawun da shi, ta ƙulla a daidai inda ya haɗu.

"Wannan ne alƙalinmu," in ji ta.

Haka muka shiga tsakiyar damuna. Ruwa yana sauka a kan kwanon rufi, ni ina sama ina zufa, Inna tana ƙasa tana jan carbi, zaren yana ɗaure a bakin zani. In na sauko ta gwada, ta ce, "To," ta tashi. Ban taɓa samun zama da ita kamar na waɗannan safiyoyin ba. A nan na ji labaran ƙuruciyar Baba da ban taɓa ji ba. Gwajin sukari kuma kullum yana fitowa daidai.

Sau ɗaya zaren ya ƙi haɗuwa. Abokin nan nawa ne ya zo ya ce ko jikarsa za ta juya wannan abin, ni kuma na murɗa makunnin nauyin har ƙarshe, na daɗe a kai don ya gani. Da safe Inna ta zagaya zaren, ƙullin ya tsaya nesa da inda ya saba. Ba ta yi faɗa ba. Tabarmar kawai ta ɗauko ta mayar. Na kira likitar a waya ina sa ran za ta goyi bayana, ta yi dariya ta ce, "Ka bi maganar Hajiya, ka huta mako guda, sannan ka koma inda muka tsaya." Makon nan ya yi mini tsawo, amma sharaɗi sharaɗi ne. Ranar da zaren ya koma daidai, da hannunta ta yaye tabarmar.

Gero ya fid da kai lokacin da aka ba ni izinin gwada gudu a ƙasa, kaɗan, ina haɗawa da tafiya. Na fita da fargabar ƙirjina zai kasa kafin in wuce kukar bakin gari. Sai na ji numfashina yana nan yadda na bar shi. Ƙafar ce kawai take ɗari-ɗari, kamar baƙuwa. Wani dattijo da ke duba gonarsa ya ɗago ya ce, "A'a, Alhaji, yau an sauko ƙasa ke nan?" Na ce masa an sauko.

Da na dawo Inna ta gwada, zaren ya haɗu har da rara. Na ce mata tunda an gama, zan nemi mai sayen keken, don akwai wanda ya taya.

Ta ce, "Ba za a sayar ba. Ƙanwarka ta aiko jiya, ita ma an ce sukarin ne, ga gwiwa ba ta barin ta tafiya. Ka shigo da shi cikin gida, a rumfar ƙofar ɗakina. Ni zan riƙa duba ta."

Inna ta rasu shekarun baya, Allah ya jiƙanta. Ni har yanzu ina fita da asuba da ƙafafuna biyu. Abin da damunar nan ta koya mini shi ne, ciwo ba ya nufin a zauna, kuma ba ya son gaggawa. Sannan duk wanda ya tare maka hanya don yana ƙaunarka, kada ka zagaye shi. Ka tsaya ka ji abin da yake tsoro, ka ba shi aiki a cikin jinyar. Sau da yawa za ka tarar abu ɗaya kuke tsoro.