Ƙoƙon Bawa a Rumfar Inna Tani

Da an gama cin tuwo, Kaka takan tura gyaɗa cikin toka mai zafi, mu kewaye murhu muna jiran labarin Gizo. Wani yammaci ta ce yau na gaske za ta ba mu. Na ɓata rai, don ni a lokacin labarin da babu kura ɓata lokaci ne.

Ta ce a zamanin Turawa akwai wata rumfar burkutu a bakin daji, kan hanyar Rijau zuwa Kontagora. Mai ita wata tsohuwa ce, Inna Tani, mai faɗan tsiya. Mafarauta da manoma duk nan suke yada zango, kowa da ƙoƙonsa rataye a jikin azara. In mutum ya mutu, Inna Tani ke sauke ƙoƙon ta fasa. Sai ta fasa ake fara makoki, a raba gona, matar ta koma gidan ubanta.

Aka yi ɗiban gwamna, wato ɗiban mutane aikin dole, aka tafi da mijin Kaka, Bawa, haƙar kuza. Damina biyu shiru. Sai wani fatake ya kawo labarin wai ya mutu. Dangi suka ɗunguma zuwa rumfar, Kaka na biye tana kuka.

Inna Tani ta tambayi fataken ko ya ga kabari. Ya ce a kasuwa ya ji.

"To ba na fasa ƙoƙon mutum da wai," in ji ta. "Ku kawo wanda ya zuba masa ƙasa."

Suka zage ta, wasu suka ƙaurace wa rumfar, burkutu ya yi ta tsami a tulu. Ko gezau.

Kaka ta juya gyaɗar, ta ce, "Yarana, har ni na ji haushin tsohuwar nan. Na gaji da jira."

Bayan girbi sai ga Bawa, duk ya rame, yana ɗingishi. Bai wuce gida ba sai da ya leƙa rumfar, ya miƙa hannu ya sauke ƙoƙonsa. Mun yi ajiyar zuciya gaba ɗaya, har da ni mai neman kura.

Sai da na girma na gane girman taurin kan nan. Yanzu ko wa ya kawo min labarin mutuwa, sai na tambaya wa ya gani. Da tsohuwar ta biye wa dangi, da Kaka ta koma gidan ubanta, kuma mahaifina bayan dawowar Bawa aka haife shi.