Akwatin Yaya a Kan Sikelin Ikko

Mun tashi da asuba, ƙarfe biyar da minti arba'in na ranar Talata, daga ƙofar gidanmu a unguwar Koki cikin Kano. Mu uku ne a motar: ni, da yayata wadda muke uwa ɗaya uba ɗaya, da direban da na ɗauko shata. Matan gida da maƙwabta suna tsaye a soro suna yi mata addu'a. Na hana dogon ban kwana, domin na tsara mu karya kumallo a Kaduna kafin ƙarfe tara.

Ga dalilin tafiyar. 'Yar Yaya ta fari tana Ingila tare da mijinta da ke karatu, cikinta ya tsufa, haihuwar fari kuwa. A al'ada gida za ta dawo ta haihu a gaban uwarta, a yi mata wanka, a ba ta kunun kanwa har ta yi arba'in. Likitocin can suka hana ta hawa jirgi. Sai mijin ya ƙuntata wa kansa ya aiko da tikiti na zuwa da dawowa, zaman wata shida, jirgin kuma daga Ikko zai tashi ranar Alhamis. A wasiƙarsa ya ja layi ƙarƙashin abu uku. Tikitin mai rahusa ne, in jirgi ya tashi babu ita ya mutu, ba a sauya rana. Kada a sa nama ko kaɗan. Akwati kada ya wuce kilo talatin, jakar hannu kilo biyar.

Ni shekara ashirin da biyu na yi ina riƙe da sito a masaƙa, na san awo. Saboda haka ni na shirya akwatin da hannuna: garin gero, kanwa, yajin jego, daddawa, kuka, busasshen ganyen wanka, man shanu a gwangwani, turaren wuta, sannan tufafin Yaya kala bakwai da takalmi da bargo. Ranar Lahadi na sa aka tura shi a kura zuwa Ƙofar Ruwa, wurin wani sanina mai sayen tsofaffin ƙarafa, muka ɗora a sikelinsa. Kilo ashirin da tara. Na ɗaure da igiya, na sa kwaɗo, na miƙa wa Yaya makullin. Ranar Litinin na je ofishin kamfanin jirgin suka buga hatimi cewa tana nan tafe. A ganina babu abin da ya saura.

Hanya daga Kano zuwa Kaduna ba ta da laifi. Tun da sojoji suka miƙa mulki watannin nan, hotunan kansiloli da 'yan majalisa suna nan manne a bangon kowane gari, ruwan damina ya wanke fuskokinsu. Shingayen soja sun ragu, na 'yan sanda sun ƙaru. Direba ya ce shi bai ga bambanci ba sai launin hula. A Kaduna muka sha shayi da burodi, muka tsaya layin mai na minti hamsin, abin da ya ɓata mini tsari.

Daga nan muka shiga dajin Birnin Gwari. Ramuka a kwalta, bishiyoyi sun rufe gefen hanya, motoci na tafiya a jere don tsoron 'yan fashi. Yaya tana jan carbi. Kafin Tegina 'yan sanda suka tsayar da mu, ɗaya ya ce a buɗe but ɗin mota. Da na zagaya baya, sai na ga abin da ya tsaya mini a rai: ƙullin igiyar akwatin ba nawa ba ne. Ni ƙullin sito nake yi, mai maɗauki biyu. Wannan ƙullin mata ne, irin na ɗaurin itace. Ɗan sandan ya shaƙi warin daddawa ya toshe hanci ya ce mu tafi.

Da muka koma mota na ce, "Yaya, an buɗe akwatin nan?"

Ta ce, "Carbina na ciro."

"Ba a ƙara komai ba?"

"Auta, kai dai ka fiye tambaya. Bar ni in ji da ciwon ƙafata."

Shekarata hamsin da takwas, amma a wurinta har yau Auta ne. Na so in sauke akwatin in duba, na ga ba a tonon kayan babbar mace a gefen titi. Wannan kuskurena ne, na rubuta shi a nan don kada a ce na ɗora wa wasu laifi na tsame kaina.

Mun ci doya da miyar ja a Mokwa, muka ƙetare gadar Jebba da la'asar, masu kifi da burodi suna bin mota da gudu. Mun kwana a Ilori wurin wani ɗan Mandawari mai fataucin goro. Washegari muka bi ta Badun, muka isa Ikko da yamma, muka sauka a Agege cikin 'yan uwa Hausawa. Na tambaya ko akwai sikeli kusa, aka ce mai shi ya rufe shago ya tafi Arewa biki.

Ranar Alhamis ƙarfe bakwai muna filin jirgi. Jirgin zai tashi sha ɗaya, za a rufe karɓar kaya tara da rabi. Layi ya yi tsawo, kowa da manyan jakunkuna, 'yan dako suna ta damun mutane. Ƙarfe tara saura minti goma layi ya zo kanmu. Ma'aikaciyar ta karɓi fasfo da tikiti, ni da direba muka ɗora akwatin. Allura ta tafi ta tsaya a kan arba'in da biyu.

Na ce mata sikelinsu ya lalace, na auna a Kano. Ta sauke, ta nuna mini allura ta koma sifili, ta sake ɗorawa. Arba'in da biyu. Ta faɗi kuɗin rarar kilo goma sha biyu, kuma da kuɗin waje ake biya. Ko mun haɗa duk abin da ke aljihunmu har da kuɗin man komawa, bai kai rabi ba. Ta ce mu matsa gefe, muna da minti talatin da biyar.

Muka ja akwatin gindin wani ginshiƙi. Na ce, "Yaya, makulli." Ta daɗe tana kwance bakin mayafi. Da na ɗaga murfi, sai ga ƙunshi bakwai a saman kaya, kowanne an naɗe shi da ƙyalle an ɗinke da zare, an rubuta suna da ajami ko boko. Saƙonnin mutanen unguwa ne zuwa ga 'ya'yansu da ke Ingila. Bayan na rufe akwati suka yi ta zuwa mata ɗaya bayan ɗaya, kowa yana cewa ɗan abu ne kaɗan. Na fito da su ƙasa ina karanta sunayen garuruwan da ke jiki, huɗu ne daban-daban. Su a zatonsu Ingila kamar Koki take, in ka fito ka tambaya za a nuna maka gidan.

Na ce a cire su. Ta ce, "Amana ce. Hajiyar gidan sama da hannunta ta ba ni tana kuka, shekara huɗu ba ta ga ɗanta ba. In koma in ce mata me?"

"To a cire geron da kanwar."

"In je wa yarinyar nan hannu biyu? Haihuwar fari, a ƙasar sanyi, babu kunu babu yaji? To me zai kai ni? Gara mu koma Kano."

Ta zauna a kan akwatin. Na san Yaya, in ta faɗi magana ba ta janyewa. Agogon bango ya nuna tara da minti biyar. Na tuna yarinyar tana can ita kaɗai a ɗaki tana ƙirga kwanaki, na tuna mijin da ya hana cikinsa ya sayi tikitin.

Muna cikin haka wani jami'in bincike ya zo, ganin ƙunshe-ƙunshe a ƙasa. Ya karɓi fasfon Yaya ya riƙe. Ya yi tambaya da Turanci, na fassara mata: ita ta shirya kayanta, ko wani ya ba ta wani abu? Direba ya taɓa ni a gwiwar hannu, wato a ce nata ne. Yaya ta ce, "Gaya masa mutum bakwai suka ba ni." Jami'in ya ce me ke ciki? Ta ce, "Gaya masa ban sani ba. Ba a leƙa saƙon mutum." Na fassara kamar yadda ta faɗa. Fuskarsa ta sauya. Ya ce mutane da yawa suna ɗaure a ƙasashen waje a kan irin wannan. Zaɓi biyu ne: ko ya farke kowanne da reza a gabanmu ya zazzage, in an sami abin da bai dace ba ita za a tsare, ko kuwa ƙunshin su tsaya a Nijeriya.

Yaya ta dubi ƙunshin. Sannan ta ce, "Ba za a tona asirin mutane a tsakar kasuwa saboda ni ba. Auta, ka mayar wa kowa nasa yadda ya ba ni, ɗinkin bai motsa ba." Jami'in ya miƙo fasfo.

Tara da minti sha bakwai muka sake ɗora akwatin. Kilo talatin da huɗu. Na ce ba zai yiwu ba, wannan su ne kayan da na auna ashirin da tara. Direba ya ce, "Baba, a ina ka auna?" Na gaya masa. Ya riƙe baki. "Baba, ai sikelin mai saye ne. Kullum ragewa yake yi. Da na mai sayarwa ka samu, da ya ce maka arba'in." Shekara ashirin da biyu a sito, ban kawo wannan a raina ba.

Saura kilo huɗu, saura minti goma sha biyu. Jakar hannu ta riga ta cika awonta da Alƙur'ani, dadduma, magunguna da kwalbar zuma. Na kai hannu kan dunƙulen kanwa, shi ya fi nauyi. Yaya ta buge mini hannu kamar ina ɗan shekara bakwai. Ta durƙusa da ƙafar nan mai ciwo, ta shiga zaro tufafinta. Atamfa ta fita, leshin da ta ɗinka don ranar suna ya fita, takalmi ya fita, bargo ya fita. Tana miƙo mini ina tarawa a hannu, mutane suna kallo. Allura ta sauko talatin da ɗaya. Ma'aikaciyar ta dubi Yaya, ta dubi tulin da ke hannuna, ta manna takarda a akwatin ta tura shi ciki. Ƙarfe tara da minti ashirin da shida.

Zaman wata shida, ta tafi da kala ɗaya a akwati da wanda ke jikinta. Ko tsinken kanwa bai ragu ba. A bakin ƙofar shiga ba ta ce mini komai ba sai, "Ka fara da gidan Hajiya." Muka tsaya a waje har muka ga jirgin ya ɗaga.

Komawa kwana biyu muka yi, ta hanyar da muka zo, ba abin da ya faru sai taya da ta fashe bayan Mokwa. Mun shigo Koki ranar Asabar ƙarfe biyar na yamma. Ranar Lahadi bayan hantsi na ɗauki ƙunshin na bi gidaje. Na fara da Hajiya kamar yadda aka umarce ni. Ta karɓa ta duba ɗinkin, ta ce, "Da ɗan naku ne da an sami wuri." Mutum uku sun yi godiya da gaskiyar da aka faɗa musu. Ɗaya har yau in na yi masa sallama a masallaci, da ƙyar yake amsawa.

Kwana tara bayan nan siriki ya kira ta wayar wani shago. An haihu, namiji, uwa da ɗa lafiya, kunun kanwa kuma ba a fasa ba ko kwana ɗaya. Ya saya wa Yaya rigar sanyi, amma ta ƙi sa tufafin can. Kala biyun nan take wankewa tana sauyawa, wanki kuwa ba ya bushewa a garin, sanyi yana ƙara shigowa. Da zanen da ta hau jirgi da shi ta yi taron suna.

Abin da na koya a tafiyar nan ba shi da yawa. Kada ka auna kayan jirgi a sikelin ɗan kasuwa. Wanda ya rufe akwati shi zai riƙe makulli. Mai ba matafiyi saƙo ya kawo shi a buɗe, ya kuma tambaya ko akwai wuri, kada ya bi ta bayan kunyar tsohuwa.

Yanzu ga roƙona gare ka mai karatu. In kana da tafiya Ingila cikin watan nan, ko ka san mai tafiya, kuma akwai rarar kilo uku a awonsa, ka bar mini sallahu wurin editan wannan shafi. Zannuwan Yaya ne guda huɗu da mayafi ɗaya. Zan kawo su a buɗe, ka warware kowanne da hannunka, mu auna a sikelin gidan waya kana tsaye, siriki kuma zai zo ya karɓa a duk garin da ka sauka. In babu wuri ka ce babu, ba zan ji haushi ba.