Ranar da Kaka Ta Yi Tatsuniya da Hantsi

A gidanmu na unguwar Dogo Tebo, tatsuniya ba ta fitowa sai an sauke tukunyar tuwo. Kakata, Ya Falmata, takan ja tabarma kusa da murhu, mu zagaye sauran garwashi, ta fara da Hausarta ta Barebari. Doka ɗaya ce ba ta sassautawa: wanda ya yi tatsuniya da rana ɓata zai yi, ya fita ya kasa gane hanyar gida. Na yarda da wannan kamar yadda na yarda wuta na ƙuna.

Ina ɗan shekara bakwai Kawu Modu ya zo daga Maiduguri, inda yake tuƙi a sabuwar tashar talabijin. Ya ce suna da shirin yaran da ba su isa shiga makaranta ba, rabin awa babu talla ko ɗaya, shi ya sa suke neman tsohuwar da za ta riƙe yara da bakinta kaɗai. Ya riga ya ba da sunan Kaka. Sai dai na'urarsu ba ta gani a hasken murhu. Da hantsi za a ɗauka, da la'asar ake nunawa.

Kaka ta amince don kada ɗanta ya ji kunya a wurin aiki. Ni kuwa na tambaye ta ko ta manta dokar.

"Ban manta ba, Maigidana," ta ce. "In na ɓata ai ka huta, ka auro mai haƙora."

Kowa ya yi dariya ban da ni.

Ranar da suka zo, aka tara mu a gindin darbejiya, rana fes. Na kama gefen zanenta. Mai ɗaukar hoto ya ce in saki, na ƙi, haka aka ɗauka. Ta ba da labarin wata yarinya da kullum take watsa wa 'yan tsakin zabi tsaba tana yi musu waƙa. Wata shekara ta je itace ta ɓata a daji, ta zauna tana kuka tana rera waƙar nan. Zabin da suka girma suka gane muryar, suka jeru a gabanta har ƙofar gidansu.

Bayan tafiyarsu na zama jelarta. Kasuwa, gidan suna, gaisuwar mutuwa, ina biye. Aka nuna shirin a gidan wani maƙwabci mai eriya a kan doguwar gora, hoton yana yayyafi. Yara suna murna, ni ina lissafi: duk maimaitawa, ta sake yin tatsuniya da rana ke nan. Damina ta zo ta wuce, Kaka ba ta ɓata ba, na daina binta.

Na riga na kama aiki lokacin da tsufa ya fara taɓa mata hankali. Wata safiya ta fita, har magariba babu labari. Mun duba asibiti, mun duba bayan gari. Ina tafe ina jin dokar nan a kunnena da muryarta.

Wata matashiya mai goyo ce ta kawo ta, tun daga tashar motar Damagum inda take sayar da abinci. Ta ce tsohuwar ta sauka daga mota tana neman hanyar garinsu, ko sunan kanta ba ta tuna ba, sai waƙar zabi take yi. Ita kuwa tana ƙarama ta ji waƙar a talabijin, da ita ma take lallashin ɗanta, kuma ba ta manta an ce Kakar daga Dogo Tebo take ba.

Girma ya koya mini kada in faɗi abin da ban tabbatar ba. Ban san ko dokar ce ta kama ta ba. Abin da na sani, tsabar da ta watsa da hantsin nan zabi sun ci, sun girma.

Da na shigar da ita ɗaki ban san na kama mata zane ba. Ta dube ni, karo na farko cikin watanni ta gane ni.

"Maigidana, saki mana," ta ce. "Ai na dawo."