Rabon Kaji

Innata ba ta taɓa suɗe kwano ba. Tun ina yarinya a Lambara na san haka, kamar yadda na san inda randar gidanmu take. Ko tuwon ya yi daɗi, ko shekarar ta zo da ƙarancin hatsi, sai ta bar loma biyu ko uku a gefen kwano, ta ture shi, ta wanke hannu. Da safe ta haɗa ragowar da ƙanzon tukunya da ta jiƙa, ta barbaɗa dusa, ta tsaya a tsakar gida tana "kur, kur, kur," kaji su taho a guje suna tattake mata ƙafa.

Ni kuwa Allah Ya yi ni da ci, ba zan ɓoye ba. Ranar da ta kama ni ina lashe miyar kuka da yatsa har kwanon yana ƙyalli, ta tsaya a kaina ta ce, "Ke ɗai ad da ciki gidan ga? Su kajin mi za su ci, ƙasa?" Lomomin nan da take bari, rabon kaji take ce musu, kuma a wurinta ba abin wasa ba ne.

Ni ce 'yarta ta fari, saboda haka kunya ce tsakaninmu tun daga haihuwa. Ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "ke" ko "wagga." Ba ta cin abinci a gabana. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin rashin so ba. Haka na ga ana yi, haka na tashi.

Bayan rasuwar mahaifinmu ta zauna ita kaɗai a gidan, ta ƙi tashi. A shekara ta uku, da kaka, na je gaishe ta na tarar zaninta ya yi mata yawa, wuyanta duk ƙashi. Na ce sai ta biyo ni Boɗinga, inda nake aure kuma nake koyarwa a wata firamare. Ta ce ba ta tafiya ta bar kajinta. Da akurkinsu muka sa su a bayan mota: zakara ɗaya, kaji biyar, cikinsu har da wata fingi mai gashi a hargitse wadda Inna ta fi so, ni kuwa na fi tsana don rashin kunyarta.

Likitan da ya duba ta ya ba ta magani, ya ce mini in sa ido a kan cin abincinta. In tana ci, to, a ci gaba da maganin. In ba ta ci, kada in yi jinkiri, in kai ta babban asibiti a Sakkwato a yi mata hoto. Inna tana zaune tana ji. A hanyar gida ta ce wa gilashin mota, ba ni ba, "Can anka kai Malam da ƙahwa tai, kwance anka maido shi." Malam shi ne mahaifinmu. Na yi kamar ban ji ba.

Muka ba ta ɗakin da ke ƙuryar gida, kusa da inda aka ajiye akurkin. Kullum in na dawo makaranta sai in tuƙa mata tuwo mai laushi, in kaɗa kuɓewa, in sa nama ko hanta, in ajiye a bakin ƙofarta in yi sallama in juya. Ba zan tsaya ba, ai ba za ta ci ina kallo ba. Bayan la'asar in koma in ɗauki kwanon.

Makon farko yana dawowa da fiye da rabi. Na fara maganar Sakkwato da maigidana, ba tare da na rage murya ba. A mako na biyu sai kwanon ya dawo tas, ko ɗigon miya babu. Wayyo, irin murnar da na yi! Na kai wa maigidana kwanon har zaure ina nuna masa kamar wadda ta ci jarrabawa. Na buga wa ƙannena waya na ce Inna ta samu sauƙi, yanzu har suɗe kwano take yi. Da bakina na faɗi haka, ni da na shekara arba'in da wani abu ina ganin rabon kaji a gefen kwanonta. Har yau in na tuna sai in ji haushin kaina.

Kajin kuwa suka yi ɓul-ɓul. Maƙwabta suna shigowa suna tambaya ko abincin kajin gidan gona nake saya musu. Na lura sun daina zuwa bakin murhu inda nake watsa musu dusa, kullum suna ƙofar ɗakin Inna, amma na ce ai uwargijiyarsu ce, dole su bi ta. Ita kuma ba ta ƙara ƙiba ba. Na ce jikin tsufa ne, ba ya cikowa da wuri. Duk abin da ido ya nuna mini sai da na samo masa amsa, don amsar da nake so ke nan.

Kusan wata biyu muka yi a haka. Wata Asabar da rana, na ajiye mata abinci na koma wanki, sai ga fingin nan ta zo ta gabana a guje da yankan hanta a baki, sauran suna bin ta. Hantar da na soya da hannuna ce. Na tashi da kumfa a hannu na zagaya a hankali. Inna tana zaune a bakin ƙofa, ta ɗage labule kaɗan, tana gutsura tuwon ƙanana-ƙanana tana dangwala miya tana jefa musu. Tana kiransu "kur, kur," amma can ƙasa-ƙasa, yadda ba zan ji ba.

Na yi abin da ban taɓa yi ba a rayuwata: na ɗaga mata murya. Na kori kajin da takalmi. Na ce, "Inna, ashe wahalar banza nika yi? Kaji nika dahwa ma abinci?"

Ta goge hannu a bakin zani, ta ɗora yatsa biyu a maƙogwaronta ta ce, "Ba shi wucewa. Nan shika tsayawa."

"Tun yaushe?"

"Tun ba a yanke gero ba."

"To don mi ba ki hwaɗa min ba?"

Ta dubi kajin da suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce, "In na hwaɗi, can za ki kai ni. Kuma na ga kina murna in kin ɗauki kwanon." Ranar ce karo na farko da na san ta dube ni ido cikin ido. Na zauna a ƙasa na yi kuka, ita kuma ta janye kwanon gefe don kada in zauna a kansa.

Mun kai ta Sakkwato, ba ta yi gardama ba. Aka yi hoton, likita ya kira ni gefe ya ce wani tsiro ne a hanyar abinci, kuma ya riga ya yi nisa. Na tambaye shi, da mun zo wata biyu da suka wuce fa? Ya ce Allah ne masani. Ban san ko tausayina ya ji ba, ban kuma sake tambaya ba. Ta roƙa a maido ta gida, muka maido ta. Daga nan kunya ta ƙare: ni ke ba ta koko da cokali, cokali uku ko huɗu, tana kallona. Ko a haka sai ta ɗaga hannu kafin kofin ya ƙare, ta nuna ƙofa da haɓa, in fita in zuba musu sauran. Ta rasu wata Talata da hantsi, kafin zafi ya shigo sosai. Allah Ya jiƙanta.

Ranar sadakar uku gida ya cika da baƙi daga Lambara da Shagari, aka ce a yanka kajinta a yi abinci, ladan ya je mata. Ban hana ba. Ƙanwar Inna, wadda muke kira Yafendo, ita ta zauna fiɗa. Da ta buɗe cikin fingin nan sai ta ɗago kitsen, rawaya, cike da tafin hannunta, ta ce, "Kai, wagga kaza ta ci daɗi! Mi kuka ba ta haka?"

Ba ta san komai ba, baiwar Allah. Na dubi kitsen. Na san kowace loma da ta zama shi, don ni na tuƙa, ni na kaɗa miyar, ni na ajiye a bakin ƙofa na juya baya.

Na ce, "Abincin Inna na, Yafendo."

Ta ce, "Allah sarki, haka take tun muna yara, ba ta manta rabonsu."

Da aka gama aka zubo mini nawa, da cinya a kai. Na ɗauki kwanon na nufi ƙofar ɗakin Inna kamar yadda na saba, har na buɗe baki zan kira kajin. Akurkin yana nan a buɗe, babu ko ɗaya a ciki.