Duro na Ƙarshe a Falonmu

Shekarar da muka iso New York, maigidana ya yi mini alkawari a kan jirgin fiton Staten Island. Ya nuna ruwa ya ce, "Ki rufe ido, ki ce Sekondi ce, garinmu na bakin teku a Ghana. Ranar da na ajiye tasi, can zan mayar da ke, gida mai taga tana kallon tsohuwar ganuwar Turawa." Ni kuwa da na tashi da littattafan soyayya a ƙarƙashin matashi, nan take na yarda.

Tun daga lokacin, kowace shekara muna cika shuɗin duro mu aika gida ta jirgin ruwa. Duk abu mai kyau can yake tafiya: labule, farantan tangaran, zannuwan gado. Mu kuma a unguwar Park Hill da farantin roba muke cin abinci. Shi yana tuƙi, ni ina kula da tsofaffi a gidajensu, har gashinmu ya yi fari.

Da ya yi ritaya sai ƙafata ta yi nauyi game da komawa gida. Jikata ta fara makaranta, ina mata Hausa tana amsawa da Turanci. Wa zai ci gaba da yi mata in na tafi? Bai yi mini gardama ba. Ya dai sayo duro na ƙarshe ya ajiye a falo, babu komai a ciki. Wata biyar yana nan, har muka fara ɗora kofin shayi a kan murfinsa.

Wata Lahadi muka hau jirgin fiton kamar yadda muka saba. Na ga ya rufe ido, yana shaƙar iskar gishiri, ya jingina da ƙarfen gefen jirgin. Ban taɓa lura ya tsufa haka ba.

Washegari ya shiga kicin yana dube-dube.

"Hajiya, ina tukunyar wake da shinkafa? Ko yau azumi za ki sa mu?"

Tukunyar dalma ce da mahaifiyata ta ba ni, ban taɓa yarda ta kwana a gidan kowa ba.

"Duba duronka, Alhaji. Sarkin alkawari."

Ya ɗaga murfin ya leƙa, ga tukunyar a ciki, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago sai ya ce, "To yau me za mu ci?"

Burodi da shayi muka ci, a kan murfin duron, 'yarmu kuma, uwar jikata, na ta waya tana nema wa yarinyar fasfo don ta riƙa zuwar mana hutun makaranta a Sekondi.